Taurin Kai Na Gado Da Riƙon Iyaye Gwauraye

Karatu: Rut 1:6-22, 1 Timoti 5:3-8

  Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu tsofaffi waɗanda Ubangiji ya kira abokan zamansu gida, suka rage su kaɗai a ɗaki. Maganarmu ta yau ta shafe ku, ta kuma shafi 'ya'yanku. Mama, in ɗanki yana kusa, ki kira shi ya zauna. In kuwa kai ne ɗan, kada ka murɗa rediyon.

Ga abin da yake faruwa a gidaje da yawa, daga Kagoro zuwa Langtang, daga Biliri zuwa Numan. Baba ya rasu. An yi jana'iza, an yi sujadar godiya, baƙi sun watse. 'Ya'ya suna aiki a Abuja, ko Kaduna, ko Legas. Babban ɗa ya ce, "Mama, ki tattara kayanki mu tafi, ba za ki zauna ke kaɗai ba." Mama ta ce, "Ba inda za ni. Wa zai duba gona? Wa zai ba awaki ruwa?" Ya sake faɗa, ta sake ƙi. Murya ta tashi. A ƙarshe ya shiga mota yana cewa, "Tun da ba kya jin magana, ki zauna. Ni dai na yi nawa." Wata uku ba waya, ba aike.

In ka tambayi ɗan, zai ce tsohuwa ce mai taurin kai. In ka tambayi tsohuwa, za ta ce yaron nan tun yana ƙarami ba ya tanƙwaruwa, ubansa ya ɗauko. Dangi kuwa su yi dariya su ce, "Ai halin gidansu ne, haka kakansu ma yake." Ana cikin wannan dariya, tsohuwa tana kwana da ciwon ƙafa, ba mai ɗebo mata ruwa. Bari mu ji abin da Maganar Allah ta koya mana a kan wannan.

1. Gado ne, amma ba mafaka ba ne

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, hali yakan bi gida. Wani hali da shi ake haihuwar mutum, wani kuma koyo ne. Yaron da ya girma bai taɓa jin ubansa ya ce "yi haƙuri" ba, a ina zai koyi faɗin haka?

Littafi Mai Tsarki ya san da wannan. A Fitowa sura 32, sa'ad da Isra'ilawa suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya, Allah ya kira su masu taurin kai. A harshen Ibraniyanci, maganar tana nufin taurin wuya. Manomin da yake huɗa da shanu ya san wannan sarai. Akwai bijimin da in ka ɗora masa karkiya sai ya sandare wuya, ka ja shi dama ya yi hagu. Shekaru masu yawa bayan haka, a Ayyukan Manzanni sura 7, Istifanas ya tsaya gaban majalisar Yahudawa ya gaya musu cewa halin kakanninsu ne suke maimaitawa, wato tsayayya da Ruhu Mai Tsarki. Hali ɗaya ya ratsa tsara bayan tsara.

Amma ku lura, Allah bai taɓa karɓar "gado na yi" a matsayin hujja ba. A zamanin annabi Ezekiyel, mutane suna da wani karin magana da suke ɗora wa iyayensu laifin halin da suke ciki. A sura 18, Allah ya hana su faɗinsa. Ya ce kowane rai nasa ne, kowa kuma zai amsa nasa. Ya ba da misalin ɗan da ya ga dukan zunubin ubansa, ya yi tunani, ya ƙi binsa, aka kuma ce wannan ɗa zai rayu. Manzo Bitrus ma, a wasiƙarsa ta fari sura 1, ya tuna wa masu bi cewa jinin Kristi ne ya fanshe su daga halin banza da suka gada wurin kakanninsu.

Ana cewa hali zanen dutse ne. To, wanda ya halicci dutsen yana da ikon sake zanen. Ɗan'uwa, in an yi maka baftisma, kana cin jibin Ubangiji, bai kamata ka ci gaba da taƙama cewa a gidanku ba a ja da baya ba. Sama'ila ya gaya wa sarki Saul, a 1 Sama'ila sura 15, cewa taurin kai ɗaya yake da bautar gumaka. Me ya sa? Domin mai taurin kai ya mai da ra'ayinsa allahnsa.

2. Abin da yake bayan ƙin tsoho

Kafin ka ce Mama tana da taurin kai, ka taɓa tambayarta dalili?

A 2 Sama'ila sura 19 akwai labarin wani dattijo mai suna Barzillai, mutumin Gileyad. Shi ne ya ciyar da sarki Dawuda a Mahanayim lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da yaƙi ya ƙare, Dawuda ya gayyace shi zuwa Urushalima, ya yi alkawari zai riƙe shi a can. Wa zai ƙi gayyatar sarki? Barzillai ya ƙi. Shekarunsa 80. Ya bayyana cewa bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, ba ya kuma so ya zama wa sarki kaya. Abin da yake roƙo shi ne a bar shi ya mutu a garinsu, kusa da kabarin mahaifinsa da mahaifiyarsa. Sai ya ba da Kimham ya tafi a madadinsa.

Dawuda yana da sojoji, yana da ikon ɗaukarsa dole. Bai yi ba. Bai kuma yi fushi ya ce an raina alherinsa ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya ɗauki Kimham. Har a kan gadon mutuwarsa, a 1 Sarakuna sura 2, ya umarci Sulemanu ya ci gaba da yi wa 'ya'yan Barzillai alheri. Tsoho ya ƙi hanyar da aka so a taimake shi, sarki ya nemi wata hanya. In Dawuda ya yi haka ga wanda ba ubansa ba, balle kai ga wadda ta haife ka.

Ka dubi abin da kake cewa Mama ta bari. A ƙauye kabarin mijinta yake. A can take da wurin zamanta a majami'a, da ƙawayenta na zumuntar mata, da maƙwabtan da suke jin yarenta. A can ita wata ce, ana sallama a ƙofarta, ana neman shawararta. A gidanka na birni, ƙarfe shida na safe kowa ya fita, a kulle ƙofa, a bar ta da talabijin. Wata kuma tana da tsoron da ba za ta faɗa maka ba: ta san ranar da ta bar gidan, dangin miji za su shiga gonar. Wata ba ta so ta zama sanadin faɗa tsakaninka da matarka. Haka ma Baba wanda Mama ta rasu ta bari. Yana jin kunya ya ce bai iya dafa tuwo ba, yana jin kunya ya ce kaɗaici yana damunsa, sai abin ya fito a matsayin faɗa.

Wani lokaci kuma tsohon ne yake da gaskiya. A Farawa sura 48, Yusufu ya kawo 'ya'yansa biyu wurin Yakubu domin albarka. Yakubu, wanda idanunsa suka dushe, ya ɗora hannun dama a kan ƙaramin, wato Ifraimu. Yusufu bai ji daɗi ba, ya kama hannun don ya mayar da shi kan Manassa. Tsohon ya ƙi, ya nuna masa cewa yana sane da abin da yake yi. Yusufu shi ne na biyu ga Fir'auna a dukan Masar, amma ya saki hannun. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Akwai kuma ƙin da ciwo ne yake kawo shi. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi, za ka ce yana ƙyale ka ne, alhali bai ji ba. Wadda yanar ido ta rufe mata gani za ta ƙi fita, ka ce gardama ce. Akwai kuma ciwon mantuwa da yake kama wasu tsofaffi. Mutum ya manta ya ci abinci, ya manta sunan jikansa, ya fita da dare, ya zargi mutane da sata, ya yi maganganun da ba su da kai. Likitoci sun san wannan ciwo, a ƙwaƙwalwa yake. Abin baƙin ciki, a wasu garuruwanmu sai a ce tsohuwa mayya ce, ita ta cinye mijinta. Har 'ya'yan da ta shayar su guje ta. 'Yan'uwa, wannan zunubi ne. Ku kai ta asibiti, kada ku kai ta wurin masu duba.

3. Taurin kan da Allah ya sa wa albarka

Yanzu mu koma karatunmu. Na'omi ta tafi ƙasar Mowab da mijinta Elimelek da 'ya'yansu biyu saboda yunwa. Mijin ya mutu. Bayan wajen shekara 10, Malon da Kiliyon ma suka mutu. Aka bar gwauraye uku: Na'omi da surukanta, Orfa da Rut.

A kan hanyar komawa Baitalami, Na'omi ta dage sai sun koma gidajen iyayensu. Ta faɗa, suka yi kuka. Ta sake faɗa, ta kawo hujjoji masu ƙarfi, har Orfa ta yi mata sumba ta juya. Ta sake matsa wa Rut ta bi 'yar'uwarta. Nan aka haɗu, tsohuwa mai dagewa da yarinya mai dagewa. Rut ta manne mata. Ta yi alkawari cewa ba za ta rabu da ita ba, za ta karɓi mutanenta da Allahnta, inda aka binne Na'omi nan za a binne ta. Da Na'omi ta ga ta ƙudura, sai ta yi shiru.

Ku dubi bambancin. Ɗan da ya shiga mota da fushi ya dage ne domin maganarsa ta ci. Rut ta dage domin kada tsohuwa ta zauna ita kaɗai. Ƙarfin zuciya ɗaya ne, amma inda aka fuskantar da shi ya bambanta. Irin naka, in ka miƙa shi ga Ubangiji, zai mai da shi aminci.

Kada ku ɗauka Rut ta sami godiya nan da nan. Da suka shiga Baitalami, Na'omi ta ce wa matan gari su daina kiranta Na'omi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci. Ta ce ta fita a cike, ta dawo hannu wofi. Hannu wofi, alhali ga Rut tsaye kusa da ita, wadda ta bar ƙasarta saboda ita. Da waninmu ne, nan take zai ɗauki jakarsa. Rut ta gane cewa baƙin ciki ne yake magana. Ta fita kalar hatsi a gonar Bo'aza, ta yini tana sunkuye, ta sussuke kimanin garwa guda na sha'ir ta kawo gida. Har sauran abincin da aka ba ta a gona ta ajiye wa surukarta. Haka ta yi har ƙarshen girbin sha'ir da na alkama.

A sura 4, matan nan na Baitalami ne suka shaida cewa Rut ta fi wa Na'omi 'ya'ya maza bakwai. Allah ya ba Rut ɗa mai suna Obida, kakan sarki Dawuda, kuma sunanta yana cikin asalin Ubangijinmu Yesu a Matiyu sura 1. Matan aure da kuke saurarona, ku riƙe wannan. Uwar mijinki ba kishiyarki ba ce.

4. Hakkin da ba ya faɗuwa

Doka ta biyar a Fitowa sura 20 ta umarce mu mu girmama uba da uwa. Ba a sa sharaɗin cewa sai in suna da sauƙin kai ba. Manzo Bulus ya fayyace wa Timoti cewa gwauruwar da take da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara nuna ibadarsu a gida, su sāka wa iyayensu wahalar da suka sha. Ya ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya musunci bangaskiya, ya ma fi marar bi muni. A aya 16 ya ƙara da cewa kada a ɗora wa ikkilisiya nauyin, domin ta iya taimakon gwaurayen da ba su da kowa.

A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan al'adar da ake kira Korban. Mutum zai ce dukiyar da ya kamata ya taimaki iyayensa da ita ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta. Yesu ya ce wannan rushe Maganar Allah ne. Yau ma akwai wanda zai tashi a taron gina majami'a ya yi alkawarin buhunan siminti, a tafa masa, alhali ɗakin uwarsa yana yoyo. Akwai wanda bai saya mata magani ba tana da rai, amma ranar jana'iza ya yanka saniya, ya ɗinka wa dangi anko. Gawa ba ta cin shinkafa.

Yusufu yana da shekara 17 aka raba shi da ubansa. Da Yakubu ya zo Masar yana da shekara 130, Yusufu ya riƙe shi shekara 17, har ya rasu yana da 147. Ya kuma cika masa alkawari, ya kai gawarsa Kan'ana. Ubangijinmu kansa, yana rataye a kan gicciye, a Yahaya sura 19, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuma ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a. Wane aiki kake yi da ya fi na ceton duniya, har ka ce ba ka da lokaci?

A shekarar 2015 Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta haramta al'adun da suke wulakanta matan da mazansu suka mutu, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Yuni domin tunawa da gwauraye. Waɗannan suna da kyau. Amma doka ba za ta zauna kusa da Mama da yamma ta tambaye ta yaya jiki ba. Wannan aikinka ne.

5. To, yaya za mu yi?

Na ɗaya, ka fara da sauraro. Ka zauna a tabarma, ka bar ta ta gama maganarta. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya tsawata wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Kada ka yi wa tsoho faɗa a gaban jikoki ko a gaban matarka.

Na biyu, ka raba abin da ya shafi rai da abin da ya shafi ra'ayi. In tana so ta ci gaba da noman 'yar gyaɗarta, ko kiwon kajinta, ka bar ta, ka biya masu yi mata huɗa. Amma maganin hawan jini ko na ciwon suga ba abin wasa ba ne. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, shi ya sa tsofaffi suke barin magani su ce sun warke, ƙarshensa kuwa yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. A nan za ka dage, cikin ladabi. In ba ta jin taka, ka nemi wanda take jin tasa: fasto, ko ƙanenta, ko shugabar zumuntar mata.

Na uku, in ta ƙi zuwa wurinka, kai ka kai taimakon wurinta. Ka gyara rufin ɗaki kafin damina. Ka nemi wani amintacce daga dangi ya riƙa kwana a gidan, ka kuma kula da shi. Ka gwada gayyatarta ta yi wata ɗaya bayan girbi, ka mayar da ita ranar da ka yi alkawari. In ta ga ba tarko ba ne, gobe da kanta za ta zo.

Na huɗu, 'ya'ya su zauna su raba nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, na kusa ya kawo ƙafa. Kada a bar wa 'ya mace ɗaya dukan wahala, sauran suna ba da umarni ta waya. Abu kaɗan a kowane wata ya fi babban buhu sau ɗaya a Kirsimati.

Na biyar, zumunta a ƙafa take. Kuɗin da ka tura ta waya ba ya ganin cewa ƙafarta ta kumbura. Ka je da jikoki, ku yi addu'a tare.

Ikkilisiya ma tana da rabonta. A Ayyukan Manzanni sura 6, saboda gunaguni a kan rabon abincin gwauraye ne aka zaɓi mutum bakwai, Istifanas yana cikinsu. Dattawan ikkilisiya, kun san yawan gwaurayen da suke cikin garkenku? Wa ya ziyarce su a wannan wata?

6. Kalma ga Baba da Mama

Iyayena, da ladabi nake magana. Ƙarfin zuciyarku ne ya riƙe gida lokacin yunwa, shi ya biya kuɗin makaranta da kuɗin citta da na dawa. Mun gode. Amma Na'omi, da ta ga ƙaunar Rut, ta daina gardama ta karɓa. Karɓar taimako ba faɗuwa ba ce. Wataƙila hannun ɗanka shi ne amsar addu'ar da ka daɗe kana yi. Ku sha magani. Ku faɗi abin da yake damunku a fili. Kada ku yi wa 'ya'ya baki cikin fushi, kada kuma ku haɗa wannan da wancan. In akwai abin da kuka yi wa yaro tun dā wanda yake ci masa rai, ku kira shi ku shirya tun kuna da numfashi. Ranar da jikoki suka ji Kaka ya ce "ku gafarce ni", ranar ce igiyar gadon nan za ta fara tsinkewa.

Kai kuma ɗan'uwa da ka yi wata da watanni ba ka kira gida ba, kana jira ita ta fara, ka tuna 'ya'yanka suna kallo. Yadda ka yi da tsohuwarka, haka suke koyon yadda za su yi da kai. Kada ka bari sai an kira ka da tsakar dare. Ka tuba, ka ɗauki waya yau. In kuwa ba ka taɓa ba da zuciyarka ga Yesu ba, daga nan za ka fara, gama shi ne yake cire zuciyar dutse ya ba da sabuwa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin iyayen da ka ba mu. Ka gafarta mana taurin zuciyarmu. Ka karya mugun gado a gidajenmu ta wurin jinin Ɗanka. Ka ta'azantar da kowace gwauruwa da kowane dattijo da yake zaune cikin kaɗaici a wannan sa'a. Ka ba 'ya'ya haƙuri da abin hannu, ka ba iyaye tawali'u. Inda aka daina magana, ka buɗe baki. Inda aka yi nisa, ka kawo kusa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu da rai. Ku zauna cikin salamarsa.